Ɗan tseren mita 100 da ke yin sanyi a ƙarshe: juriya ce babu, ko gudun ne bai kai ba?

Nafi'u: Assalamu alaikum, manyanmu. Ga wata matsala da nake so masana su duba mana. A ɗauki ɗan tsere mai shekara 21 da ya shekara huɗu yana horo, amma lokacinsa a mita 100 ya cije a daƙiƙa 10.95 da agogon lantarki. Yana kai mita 30 a 4.10, mita 60 a 7.02, mita 80 a 8.95. Har kusan mita 60 yana kafaɗa da kafaɗa da sauran, daga nan sai a ga ana wuce shi ɗaya bayan ɗaya. Abin da aka saba faɗa shi ne ba shi da juriya, a ƙara masa gudun mita 300 da 400 a mako. Wannan ne maganin?

Zainab: Wa alaikumus salam. Kafin a rubuta masa magani, a duba lissafin da ka kawo. Daga mita 60 zuwa 80 ya ci daƙiƙa 1.93, daga 80 zuwa 100 ya ci 2.00. Raguwarsa ke nan 0.07. To ranar da Usain Bolt ya yi 9.58 a Barlin a 2009, ya ci 1.61 daga 60 zuwa 80, sannan 1.66 daga 80 zuwa 100. Shi ma ya ragu, da 0.05. Wanda ka ga kamar yana ƙara wuta a ƙarshen mita 100, ba ƙarawa yake yi ba. Ko dai raguwarsa ba ta kai ta sauran ba, ko kuma tun asali ƙololuwar gudunsa ta fi tasu.

Ko da an gyara juriyar yaron nan ta koma irin ta Bolt, ribarsa 0.02 ce kacal. Amma a ce kowace mita 10 da yake cinyewa a 0.96 ta koma 0.93, ka lissafa hakan a mita 60 zuwa 70 da ake yi bayan an miƙe, ka samu kusan 0.20. Ana wuce shi ne domin wasu suna ci gaba da hawa a inda shi ya riga ya ƙure.

Bala: Wato ba gajiya yake yi ba, giyarsa ce ta ƙare.

Koci Sanusi: Zainab ta gama rabin aikin. Bari in ɗora da yadda ake ɗaga ƙololuwar gudun, domin a nan ake yawan ɓata lokaci.

Babban atisayen shi ne gajeren zango a guje. Ka auna mita 25 zuwa 30 na shiga, inda zai riƙa ƙara gudu a hankali ba tare da fizga ba, sannan mita 10 ko 20 ko 30 da za a auna da agogo, sai mita 30 zuwa 40 na rage gudu a natse. Kada ya taka burki da ƙarfi bayan layin, cinya da gwiwa ne ke shan wahalar hakan. A farkon zangon horo a fara da mita 10, sau huɗu zuwa biyar. Bayan mako uku zuwa huɗu a koma 20, daga baya 30, sau uku zuwa huɗu.

Hutu shi ne inda ake samun saɓani da 'yan wasa, domin suna ganin zama kamar lalaci ne. Ƙa'idar da masu horarwa suka daɗe suna bi ita ce kusan minti ɗaya ga kowace mita 10 da aka gudu da cikakken ƙarfi. Shiga mita 30 da aunawa mita 30 ya zama 60, saboda haka hutun minti shida zuwa takwas. Dalili biyu ne. Makamashin da tsoka ke ƙonawa a daƙiƙun farko, wato fosfokiriyatin, yana buƙatar mintuna kafin ya dawo kusan cikakke. Na biyu kuma jijiyoyin da ke aika wa tsoka umarni suna yin sanyi tun kafin mutum ya ji gajiya a numfashinsa. Idan aka ba shi minti biyu kawai, zai yi gudun, amma a kashi 90 cikin ɗari, kuma jiki ba ya koyon gudun da bai taɓa shi ba.

Agogo ne alƙali. Idan a mita 30 ɗin ya yi 2.90, ya yi 2.91, na uku ya fito 2.99, an tashi daga aiki, ko da takarda ta ce saura ɗaya. Jimillar gudu mai zafi a rana irin wannan kada ta wuce mita 250 zuwa 300, kuma a bar aƙalla awa 48 kafin a sake wata rana mai zafi. Ga wasu ma sai 72.

Malam Habu: Koci Sanusi, na ji bayaninka kuma lissafin Zainab bai da gardama. Amma ina tsoron yaranmu su karanta wannan su ɗauka cewa gudu huɗu a rana da zama a inuwa shi ne horo. A babbar gasa ba sau ɗaya ake gudu ba. Akwai zagayen farko, da na kusa da ƙarshe, da na ƙarshe, wani lokaci biyun ƙarshe a yini ɗaya da tazarar awa biyu ko ƙasa. Ga 200, ga gudun miƙa sanda. Wanda bai da gindin horo, ƙafarsa ta zagaye na uku ba ta zagayen farko ba ce.

Kuma kada a manta Clyde Hart na jami'ar Baylor a Amurka ya gina Michael Johnson ne da maimaita gudun mita 200 a sassauce, masu yawa, da gajeren hutu, yana rage yawansu yana ƙara musu sauri yayin da gasa ke matsowa. Da wannan tsarin Johnson ya yi 19.32 a mita 200 a Atlanta a 1996. Ba za a ce tsarin fara dogo a gangaro gajere bai haifar da gudu ba.

Koci Sanusi: Malam, Allah ya ƙara girma, ban musa ba. Sai dai Johnson ɗan 200 da 400 ne, kuma ya zo da gudunsa. Wanda ake magana a kai gudun ne ya gaza masa. Gindin horon da kake faɗa ina tare da kai, illa dai a yi shi a sassauce da gaske. Tsarin Charlie Francis na Kanada ya raba abin gida biyu: ko dai kashi 95 na cikakken gudu zuwa sama, ko kashi 75 zuwa ƙasa. Tsakiyar nan, 80 zuwa 90, ita ya ce a guje wa, domin ta yi sanyi ga koyar da gudu, kuma ta yi zafi ga murmurewa. Na san sunansa ya ɓaci da abin da ya faru da ɗan wasansa Ben Johnson, wanda aka kama da amfani da maganin ƙara kuzari a Seoul a 1988, amma wannan rabon na ranaku masu zafi da masu sanyi har yau da shi ake aiki.

Ga ɗan 10.95, kashi 75 na nufin mita 100 a kusan daƙiƙa 14.6, kashi 70 kuma 15.6. A yi shi a kan ciyawa, da takalmi marar ƙusa, 100 sau goma zuwa goma sha huɗu, a taka mita 50 tsakaninsu. Idan na ƙarshen bai fito da lokaci ɗaya da na farko cikin sauƙi ba, an yi sauri da yawa.

Malam Habu: To ai kusan abu ɗaya muke faɗa, sai a tsakiyar. Ni ban yarda a rufe ƙofar 80 zuwa 90 gaba ɗaya ba. Ga ɗan 200 da 400, gudun mita 250 ko 300 a kashi 85 zuwa 90, sau uku, da hutun minti takwas zuwa goma, yana koya masa riƙe tsarin takunsa yayin da ƙafa ta yi nauyi. Wannan ba a samunsa a mita 30. Amma a kan ɗan 100 zalla, na yarda sau ɗaya a mako a farkon shekarar horo ya ishe shi, kuma a janye shi idan an shiga watannin gasa.

Nafi'u: Na gode, Malam, na gode Koci. To idan an ce ƙololuwar gudu, me ake gyarawa a jiki takamaimai? Tsawon taku ko yawan taku? Wasu suna cewa a sa shi ya riƙa miƙa ƙafa gaba don takun ya ƙara faɗi.

Zainab: A'a, Nafi'u, wannan shawarar ita ce ke yaga cinya. Gudu dai tsawon taku ne a ninka da yawan taku a daƙiƙa. Mai taku mita 2.20 sau 4.7 a daƙiƙa yana gudun mita 10.3 a daƙiƙa. Idan ya koma 2.25 sau 4.78, ya kai 10.75, wato 0.93 ɗin nan da muka ambata. Santimita biyar ce kawai a kowane taku. Amma daga ƙarfin da ya danna ƙasa da shi za ta fito, ba daga miƙa ƙafa ba. Binciken da Peter Weyand da abokan aikinsa suka wallafa a 2000 ya nuna cewa masu gudu da marasa gudu ba su da wani babban bambanci a lokacin da suke ɗauka suna maido da ƙafa a iska. Bambancin yana ga ƙarfin da suke sauke wa ƙasa cikin ɗan lokacin da tafin ƙafa ke taɓa ta.

Ana iya ganin wannan da waya. Ka saita ta a ɗaukar hoto 240 a daƙiƙa, ka kafa ta a gefe, daidai tsayin ƙugu, mita 8 zuwa 10 daga layinsa, ta kalli tsakanin mita 50 da 60. Kada ka bi shi da wayar, ka bar shi ya ratsa. Sai ka ƙirga hotuna daga inda takalmi ya taɓa ƙasa zuwa inda ya bar ta. Manyan 'yan tsere suna zama a ƙasa daƙiƙa 0.08 zuwa 0.09, wato hoto 19 zuwa 22. Idan ka ƙirga 27 ko 28, ƙafar na daɗewa.

Sai ka tsayar da hoton daidai lokacin da ƙafa ta sauka, ka duba abu uku. Gwiwar ƙafar da ke iska ta zo daidai da gwiwar wadda ta sauka, ko ta ɗan wuce ta? Idan har tana baya, ƙafar na ɓata lokaci a bayansa tana harbin iska. Tafin ƙafar ya sauka kusa da ƙarƙashin ƙugu, ko can gaba? Wanda ya sauka can gaba burki ne. Sannan diddige: yana riƙe, ko yana rushewa ƙasa har gwiwa ta lanƙwashe sosai kamar zai zauna? Mai rushewar diddige ƙarfinsa a idon sawu yake zubewa.

Koci Sanusi: Don gyaran abin da Zainab ta lissafa, ƙananan shingaye sun fi surutun koci aiki. Tsayinsu santimita 15, guda goma zuwa goma sha biyu, bayan shigar mita 20 zuwa 25. Ga namiji mai irin wannan lokacin, a fara tazara da mita 1.85, a riƙa ƙara santimita 5 bayan kowane biyu har a kai wajen 2.05 ko 2.10. Taku ɗaya tsakanin kowane biyu, kuma ƙafa ta sauka a tsakiya. Idan yana harbin shingen da diddige ta baya, ƙafarsa na daɗewa a baya. Idan yana miƙa ƙafa don ya kai, tazarar ta yi masa yawa, a rage. Bayan shinge na ƙarshe ya ci gaba mita 15 da wannan tsarin, in ba haka ba zai iya a cikin shingaye kawai.

Akwai kuma wanda ake kira shiga da fita: mita 20 da ƙarfi, 20 a saki jiki ba tare da rage gudu da gangan ba, 20 a sake matsawa. Wannan ne ke koya masa cewa sakin muƙamuƙi da kafaɗa ba ya rage gudu. Da yawa daga cikin masu mutuwa a mita 70 ba makamashi ne ya ƙare musu ba. Sun hangi wani a gefen ido ne, sai su cije haƙora, kafaɗa ta hau kunne, hannu ya gajarta, taku ya bi shi.

Bala: Koci, tashi fa? Mita 30 a 4.10 ba laifi, amma ana cewa wanda ya miƙe da wuri shi ne ke ƙurewa da wuri.

Koci Sanusi: Haka ne, kuma yana da alaƙa da matsalar. Wanda ya miƙe tsaye a mita 15 ya daina tura ƙasa baya, saboda haka zai kai ƙololuwarsa a wajen mita 40 kuma ƙarama ce. Manya suna ci gaba da ƙara gudu har mita 60 zuwa 70.

A fara da saita bulok, wato matakan da ake danna ƙafa a kai wajen tashi. Ma'aunin farawa shi ne tsawon tafin ƙafa biyu daga layi zuwa matakin gaba, uku zuwa na baya, daga nan a daidaita da tsayin mutum. Idan an ce a shirya, gwiwar gaba ta yi kusan digiri 90, ta baya 120 zuwa 135, ƙugu ya ɗan fi kafaɗa tsawo, tafin ƙafa biyu su danne matakan sosai. Kuskuren da aka fi yi shi ne zare ƙafar baya da sauri ba tare da ta tura ba. Duka biyun ke turawa, ta baya ce dai ke fara barin wurin.

Takun farko dogon zama ne a ƙasa, kusan ninki biyu na wanda ake yi a tsakiyar tsere, kuma haka ya dace. Ƙwauri ya karkata gaba, ƙafa ta sauka a ƙarƙashin jiki ko ɗan baya, kowane taku ya ɗan fi na baya tsawo, jiki na tasowa kaɗan kaɗan. Kada a ce masa ya sunkuyar da kai har mita 30. Zai dunƙufar da kai ya karye a ƙugu, alhali ƙafafunsa tuni sun miƙe. Abin da ake so layi ɗaya ne daga kai zuwa diddigen ƙafar da ke turawa.

Batun bindiga kuma, kada a ɓata mako ana farautar 0.02. Duk wanda na'ura ta nuna ya motsa ƙasa da daƙiƙa 0.100 bayan harbi an ɗauke shi ya yi riga-malam, kuma tun 2010 sau ɗaya ne a fitar da mutum. Haka aka fitar da Bolt a wasan ƙarshe a Daegu a 2011. A gasar Olamfik ta Faris a 2024, Noah Lyles ya tashi a 0.178, cikin mafi jinkiri a layin, yana baya a farkon tseren, amma ya ci da 9.79, da tazarar 0.005 tsakaninsa da Kishane Thompson. Ƙololuwar gudu ce ta biya masa bashin tashi.

Nafi'u: Jan nauyi a baya fa? Nawa ake ɗorawa? Na ji ana cewa kashi goma na nauyin jiki, kada a wuce.

Zainab: Wannan kashi goman yana da matsala ɗaya: abin da ake ja bai da nauyi iri ɗaya a kowane fili. Kilo goma a kan ciyawa mai laima daban, a kan roba busasshiya daban. Gara a auna da agogo. Idan yana yin mita 20 a 3.00 babu kaya, a ɗora nauyin da zai mai da shi 3.30. Wannan shi ne mai sauƙi, ba ya sauya tsarin taku sosai, ana iya ja har mita 30. Mai nauyi kuma, wanda ke rage gudun kusan rabi, masu bincike irin su Jean-Benoît Morin na Faransa sun nuna yana da amfani ga ƙarfin tura ƙasa baya a takun farko. Shi mita 10 zuwa 15 ake yi, sau huɗu zuwa shida, hutun minti uku. Igiyar a ƙugu za a ɗaura, ta yi tsawo yadda kayan ba zai riƙa tsalle ba. Kuma a rufe da gudu biyu babu kaya.

Amma ga wanda muke magana a kai, wannan ba shi ne gaba ba. Tashinsa ya fi tsakiyarsa kyau. Sau ɗaya a mako ya wadatar.

Dakta Rabi: Salamu alaikum. Tun da ana shirin ƙara wa yaro gudu a ƙololuwa, bari in sa baki kan tsokar bayan cinya, domin ita ce ke biyan kuɗin wannan aikin. Yawancin yagewarta a 'yan tsere tana faruwa ne a ƙarshen lilon ƙafa, lokacin da gwiwa ta zo gaba, ƙwauri na buɗewa, tsokar na miƙewa kuma tana ƙoƙarin tsayar da shi kafin ƙafa ta sauka. Wadda ke ɓangaren waje na bayan cinya ita ta fi kamuwa. Shi ya sa miƙa ƙafa gaba da gangan ke da haɗari, haka ma gudu da ƙugu a karye gaba, bayan mutum a lanƙwashe, domin tsokar ta riga ta miƙe tun kafin a nemi aiki a wurinta.

Abin da ke kare ta shi ne ƙarfi yayin da take miƙewa. Atisayen Nodik: ya durƙusa a kan abu mai laushi, wani ya danne masa idon sawu, jiki a miƙe daga gwiwa zuwa kai, ya riƙa faɗuwa gaba a hankali cikin daƙiƙa uku zuwa biyar, ya tare da hannu. Bincike da dama, galibi a kan 'yan ƙwallo, sun nuna yana rage yawan wannan rauni da kusan rabi. A fara da zagaye biyu na sau huɗu, sau ɗaya ko biyu a mako, domin makon farko ciwon tsoka yake sawa sosai. A yi shi bayan gudu, ba kafinsa ba, kuma ba ana jibi gasa ba. Sai dai Nodik a gwiwa yake aiki. A haɗa shi da wanda ke aiki a ƙugu, wato sunkuyawa da ƙarfe a hannu, gwiwa a ɗan lanƙwashe, baya a miƙe, da ƙafa biyu ko ɗaya.

Wani abin da ba a cika faɗa ba: wanda ya yi mako uku ko huɗu bai taɓa cikakken gudu ba, ranar da ya dawo ita ce mafi haɗari. Saboda haka ko a lokacin gina jiki kada a ajiye gudu gaba ɗaya, a bar masa ɗan kaɗan kowane mako. Kuma idan ya ce yana jin wani ɗan ja a wuri ɗaya da zai iya nunawa da yatsa, a tsaya ranar. Kada a ce ya miƙe ta da ƙarfi ya sake gwadawa.

Malam Habu: Dakta, wannan na ƙarshen a rubuta shi da manyan baƙi. Ɗumin jiki ma a daina yi masa rowa. Ranar gudu mai zafi minti 35 zuwa 45 ne: sassarfa, motsa gaɓoɓi, atisayen taku, sannan gudu uku ko huɗu na mita 40 zuwa 60 ana ƙara zafi, na ƙarshen da takalmin ƙusa.

Bala: Ɗaga ƙarfe fa, wace rana? Wasu suna sa shi ranar hutu don kada a gaji.

Koci Sanusi: Idan ka sa shi ranar hutu, ka kashe hutun. Mai zafi da mai zafi ake haɗawa: gudu da farko, tsalle-tsalle a biyo, ƙarfe a ƙarshe, washegari a sassauta. Misali Litinin tashi da jan nauyi da ƙarfe; Talata sassarfa a ciyawa da atisayen ciki; Laraba hutu ko tausa; Alhamis ƙololuwar gudu da shingaye da ƙarfe; Juma'a sassarfa; Asabar juriyar gudu; Lahadi hutu. Mako uku ana hawa, na huɗu a rage yawan aikin da kusan kashi ɗaya cikin uku, saurin kuma a bar shi yadda yake.

A ɗakin ƙarfe, tsuguno da fizgar ƙarfe zuwa kafaɗa, sau uku zuwa biyar a zagaye, zagaye uku zuwa huɗu, a kashi 80 zuwa 90 na abin da zai iya ɗagawa sau ɗaya. A ganina idan ya kai yana tsuguno da kusan ninki biyu na nauyin jikinsa, ƙarin da zai nema a nan ba zai ƙara masa gudu kamar da ba, domin ƙafa ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa a ƙasa, tsuguno mai nauyi kuwa ya fi daƙiƙa guda. Daga nan tsalle ya fi muhimmanci: ƙananan tsalle a kan idon sawu gwiwa a miƙe, tsallake shingaye da ƙafa biyu, da dogayen taku na mita 20 zuwa 30. A ƙirga saukar ƙafa, 40 zuwa 80 a rana, kuma a saurari ƙarar. Sauka mai kyau gajeriyar ƙara take yi. Idan ta koma daɓ daɓ, ya gaji. Ciwon ƙwauri ko na agara da safe alama ce an yi yawa.

Nafi'u: To Asabar ɗin nan ta juriyar gudu, me za a yi a cikinta, tun da an ce ba 300 da 400 ba?

Koci Sanusi: A hau daga gajere. Farko 60 sau huɗu zuwa biyar, hutun minti shida zuwa bakwai. Bayan makonni 80 sau uku zuwa huɗu, hutun minti takwas zuwa goma. Mako shida zuwa takwas kafin babbar gasa, 120 sau biyu zuwa uku ko 150 sau biyu, a kashi 95 zuwa sama, hutun minti 15 zuwa 20. Idan an fara gasa, gasar kanta ta maye gurbin wannan ranar.

Malam Habu: In zai haɗa da 200, a yi 150 ɗin daga cikin kwana, kuma a riƙa sauya masa layi, domin kwanar layi na biyu ba ɗaya take da ta bakwai ba. Bulok a kwana ana kafa shi ne a gefen waje na layin, yana kallon gefen ciki, don takun farko su tafi a miƙe. Kuma a bar min 250 ɗaya duk bayan mako biyu, Koci, kada ka hana.

Koci Sanusi: Na bar maka, Malam, in dai da cikakken hutu.

Dakta Rabi: Kwana goman ƙarshe kafin gasa kuma ba lokacin neman sabon ƙarfi ba ne. A rage yawan aiki da kusan rabi, a bar saurin. Gudu mai tsawo na ƙarshe, irin 120 ko 150, ya kasance saura kwana takwas zuwa goma. Ƙarfe mai nauyi a ajiye shi saura kwana biyar zuwa bakwai. Saura kwana uku, tashi daga bulok sau uku ko huɗu zuwa mita 20 ko 30. Sabon takalmi kuma ba ranar gasa ake fara sa shi ba. Takalma masu taurin faranti a tafinsu suna ƙara wa agara da sha-raɓa aiki, suna buƙatar makonni kafin ƙafa ta saba.

Zainab: Abu ɗaya ya rage, Nafi'u: yadda za ka san ko tsarin na aiki. Duk mako uku zuwa huɗu, a makon sassauci, a auna mita 30 daga bulok da mita 30 a guje, a fili ɗaya, da takalmi ɗaya, da tsawon shiga ɗaya. Agogon hannu ba zai iya wannan ba. Bambancin da ake lissafawa tsakaninsa da na lantarki a mita 100 shi ne 0.24, kuma yatsan mai riƙe shi na iya kuskuren da ya fi ribar wata uku. In babu na'urar lantarki, a kafa sanda a farkon zangon da ƙarshensa, a ɗauka da waya daga nesa yadda duka biyun za su fito, a ƙirga hotuna daga inda ƙirjinsa ya ratsa ta farko zuwa ta biyu. Kowane hoto a 240 kusan 0.004 ne. A rubuta iska ma. Wadda ta wuce mita 2.0 a daƙiƙa daga baya ba a karɓar lokacinta a matsayin tarihi, kuma ko wadda ba ta kai haka ba tana iya ba shi kusan 0.10 a mita 100. Idan ana iska ranar gwaji, a gudu sau ɗaya da ita, sau ɗaya a fuskance ta, a rubuta duka biyun.

Nafi'u: Idan bayan mako takwas 2.90 ɗin bai motsa ba fa?

Koci Sanusi: Kafin ka ƙara komai, ka rage. Cire rana ɗaya mai zafi, su koma biyu a mako, ka duba barcinsa, ka sake aunawa bayan kwana goma. Idan lokacin ya sauko, gajiya ce ta rufe shi. Idan bai sauko ba, ka koma kan bidiyon, ka ƙirga hotunan zaman ƙafa a ƙasa, ka turo mana nan tare da hoton saukar ƙafar dama da ta hagu daban daban.